Kujerar Malama Hajara

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a kaina, ko ba a gabanku aka faɗa ba na san ta iso kunnuwanku: wai uwarku ce ta kayar da malamarta a jarrabawa har ta sa aka sauke ta daga kujera. 'Yar'uwarku Hadiza ta taɓa dawowa daga gidan suna a Dutsi tana ta kumbure-kumbure, ta ƙi faɗa min abin da aka ce mata, ni kuma ban matsa ba don na riga na sani. To maganar gaskiya ce. Na kayar da ita, kuma an sauke ta. Sai dai masu ba da labarin laifin da ba shi ba suka ɗauko suka ɗora min, suka bar na ainihin a ƙasa, shi ya sa nake so ku ji shi daga wajena tun ina iya riƙe biro.

A shekarar ina koyar da kwas ɗin kwamfuta na 'yan ajin farko a kwalejin da na yi aiki a nan Daura. Ni asali ba 'yar kwamfuta ba ce. Tafireta na buga a ofis shekara goma sha ɗaya, har yatsuna suka san hanya ba sai na duba ba. Da aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito sai na je Kano na yi kwas, na dawo aka ba ni aji. Abin da nake koyarwa ba wani abin a zo a gani ba ne: yadda ake kunna na'ura a kashe ta ba tare da an fizge waya ba, yadda ake riƙe mawus, buga wasiƙa, zana tebur mai gida-gida, da sa wa fayil suna a adana shi inda gobe za a same shi. Yaran suna zuwa da tunanin sun iya, tunda kowa yana latsa waya, amma ka ce su fitar da babban baƙi a kibod sai ka ga an fara kallon na kusa. Kwamfuta ashirin gare mu, ɗalibai sittin, saboda haka uku-uku ake zama, maza a dama mata a hagu. Duk kwata ɗin awa nakan buga rula a tebur, wanda ke kan kibod ya matsa na gaba ya hau. Ni kuma ina zagayawa layi-layi, in tsaya a bayan mutum in zuba wa sikirin ɗinsa ido har sai gumi ya karyo masa. Ba ni da sauƙi, na sani. Sunan da suka sa min a ɓoye shi ne Hajiya Goge-ki-sake, har maza ma haka suke faɗa, kuma ban taɓa jin haushinsa ba, in ma gaskiya za a bi daɗinsa nake ji.

Ranar farko ta wannan zangon karatu na shiga da rajista a hannu, sai na hango wata dattijuwa a layin ƙarshe, gefen taga, ta gyara zama ta ɗora jaka a cinya. Malama Hajara ce. Ita ta koyar da ni a aji ɗaya da aji biyu a Dutsi, tana cikin matan da suka rako ni Daura ranar da aka kawo ni gidan babanku, kuma Inna, mahaifiyata, kakarku, ba ta da aminiyar da ta wuce ta duk da Inna ce babba. A lokacin ta daɗe tana shugabar wata firamare a can Dutsi. Abin da ya kawo ta shi ne takarda da ta fito daga sama, cewa duk shugaban makarantar da bai kawo shaidar ƙarin karatu ba kafin ƙarshen shekara zai sauka ya koma aji. Ta yi karatun a hutu-hutu, ta cinye komai, sai aka ƙaro kwas ɗin kwamfuta aka ce shi ma dole ne, aka tura ta ita da 'yan rukuninsu cikin sababbin shiga. Nawa kwas ɗin kaɗai ya rage tsakaninta da takardarta.

Na ajiye rajistar na tafi har inda take na durƙusa.

"Malama, ina kwana? Ashe kina cikinmu."

"Tashi, Rakiya, tashi. A nan ke ce Malama. Ni ɗaliba ce, lambata arba'in da ɗaya."

'Yan aji suka zuba mana ido. Sun ga Hajiya Goge-ki-sake a ƙasa, abin da ba su taɓa zato ba. Da zuciya ɗaya na yi durƙuson nan, kuma ko yau haka zan yi, amma shi ya gaya wa ajin yadda za su ɗauke ta. Daga ranar ba mai kiran ta sai da Mama. Ana share mata kujera kafin ta iso, ana karɓar jakarta tun daga bakin ƙofa, in ana zafi wata ta miƙo mata mafici.

Mutum biyu ke zama da ita a kwamfuta ta goma sha bakwai. Ɗaya wata yarinya ce mai shiru-shiru, ɗayar kuma Talatu, matar aure mai 'ya'ya uku, wadda malama ce a makarantar da Malama Hajara ke shugabanta, tare suke zuwa a mota ɗaya su koma a mota ɗaya. Talatu mace ce mai tarbiyya, kuma tarbiyyar ce ta jawo komai. Ku kun san yadda muka taso: ba ka zama ka ga sa'ar uwarka tana fama da abu ka zuba mata ido. In bokiti ta ɗauko ka karɓa, in tsintsiya ta ɗauka ka karɓa. To haka Talatu ta ɗauki kibod. Da na buga rula, layi ya zo kan Malama, sai ka ji a hankali:

"Mama, bari in yi miki. Ke dai ki faɗa, ni in buga."

Malama ta faɗa, Talatu ta buga. Da yake Malama ta fi kowa a ajin sanin yadda ake tsara wasiƙa, ita kuma Talatu hannunta ya faɗa da wuri, sai ya zama duk aikin da ya fito da lamba arba'in da ɗaya ba inda za ka sa jan biro.

Sau ɗaya na ga ta taɓa na'urar da kanta, a sati na uku. Talatu ta fita amsa waya, Malama ta miƙa yatsa ta danna baƙi ɗaya, ta danne shi ba ta ɗaga ba, kamar yadda ake danna alli a allo. Baƙin ya yi ta gudu har ya cika layi huɗu. Wani daga ɓangaren maza ya hango ya ƙyalƙyale da dariya, 'yan ajin suka yi masa ca, har da masu cewa ba shi da uwa a gida ne. Malama ta janye hannunta ta mayar cikin mayafi. Ina tsaye layi biyu daga wurin, na ga komai. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne, in je in ce ɗaga yatsar, ga wanda ake gogewa da shi, sake gwadawa. Da wata ce da tuni na isa. Amma sai na juya baya na kama duba aikin wani, wai don kada ta san na gani ta ji kunya. Na ma yaba wa kaina a ranar, ina ganin na iya zama da manya.

Haka muka ci sati goma sha huɗu. Kullum in shigo in je in gaishe ta, in tambayi mutanen Dutsi, in isar da saƙon Inna, sannan in fara zagaye. In na zo kwamfuta ta goma sha shida sai in yi kwana in koma gaba. Ba zan ce ban san Talatu ke bugawa ba, ƙarya zan yi. Na sani, amma na gaya wa kaina ai tana kallo, mai kallo kuma yana koyo. Ni da na buga tafireta shekara goma sha ɗaya na fi kowa sanin ba a koyon wannan abu da ido. Kawai dai na kasa tunanin kaina tsaye a bayan Malama Hajara da rula ina cewa goge ki sake.

Ranar jarrabawa ba uku-uku ba ne, kowa da na'urarsa, rukuni uku aka yi na mutum ashirin-ashirin. Talatu ta faɗo a rukunin farko, Malama a na ƙarshe. Tambaya biyu ce: a buga wasiƙar gayyatar iyaye taro, a zana tebur na yara biyar da makinsu, a adana da lambar ɗalibi. Awa ɗaya. Na ce a fara, ɗaki ya ɗauki ƙarar kibod. Malama ta zauna tana duban sikirin kamar minti goma, hannuwanta a cinya. Ba ta waiwayi kowa ba, ba ta kuma dube ni ba. Can sai ta buɗe jaka ta ciro biro da rula, ta ture kibod ɗin gefe a hankali, ta kifa takardar tambayoyin ta fara rubutu a bayanta. Da lokaci ya cika kowa ya fita, ita ce ta ƙarshe. Ta zo ta ajiye min takardar a tebur.

"Ga shi. Abin da na iya ke nan."

"Malama…"

"Talatu na jira na a mota. Ki gaida Innarki."

Na daɗe ina duban takardar. Wasiƙar ba ta da aibu ko ɗaya, adireshi a inda ya dace, kwanan wata, gaisuwa, sa hannu. Teburin an ja shi da rula, layukan a miƙe, gidajen daidai wa daida. Rubutun nan ne mai kwanciya dama kaɗan, wanda duk wanda ya yi firamare a hannunta zai gane ko a cikin dubu. A na'urarta kuwa shafi ne fari fat, ko ɗigo babu.

Ga yadda lissafin yake. Aikin aji maki talatin ne, jarrabawa saba'in, ana cin kwas da arba'in. Malama tana da talatin cif a aikin aji, wanda Talatu ta buga ni kuma na sa wa hannu. Goma kawai take nema.

Na dawo gida da la'asar na tarar da Inna, wadda a lokacin wurinmu take zaune, a tsakar gida tana gyaran zogale, babanku, Allah ya ji ƙansa, ya dawo daga kasuwar dabbobi yana wanke ƙafa. Ban iya ɓoye abu a fuska ba, Inna ta tambaya na faɗa mata.

"Goma?" in ji ta. "Don goma kike ta safa da marwa tun ɗazu? Ki ba ta ashirin ma."

"Inna, ba ta taɓa na'urar ba fa."

"Wasiƙa aka ce a rubuta. Ta rubuta ko ba ta rubuta ba?"

"Ta rubuta, amma da hannu."

"To ku da ƙafa kuke rubutawa a can?"

Babanku ya yi dariya, ni ban yi ba. Na yi ƙoƙarin in bayyana mata cewa ba wasiƙar ake gwadawa ba, na'urar ake gwadawa, kuma takardar da za a ba Malama cewa za ta yi ta iya. Inna ta ture faifan gefe.

"Matar nan shekara nawa tana riƙe da makaranta ba na'ura? Yaran da ta yaye sun fi gashin kanki yawa, ke ma a ciki kike. Yau don ta zo hannunki sai ki nuna mata ke 'yar boko ce?"

Babanku ba mai yawan magana ba ne. Sai da ya gama ya ajiye buta sannan ya ce:

"Aikinki ne, ba zan sa miki baki ba. Amma ki sani in kika kayar da ita, Dutsi ta fi ƙarfinki, kuma can danginki suke."

Washegari na je wajen shugaban sashenmu na roƙi a ba ni sati biyu in koya mata ita kaɗai a sake mata jarrabawa. Ya ce ba a yi, wanda ya faɗi sai baɗi, kuma in ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa sauran za su taso masa. Baɗi kuwa wa'adin takardarta ya wuce. Da zan fita ya ce, cikin wasa-wasa, ko in ba ta goman kowa ya huta.

Akwai hanya, kuma ba sai an yi min bayani ba. Masu duba sakamako fayil suke buɗewa, in akwai fayil mai lamba arba'in da ɗaya magana ta ƙare. Na shiga ɗakin kwamfuta da rana tsaka ba kowa, na zauna a na'urarta, na jingine takardarta a gabana na fara kwafa. Minti biyar ya ishe ni. Na buga adireshi, na buga kwanan wata, na zo kan gaisuwa sai na tsaya. Na ga abin da nake yi shi ne dai abin da Talatu ta yi sati goma sha huɗu, Malama ta faɗa wata ta buga, bambancin kawai ni albashi ake ba ni don in hana hakan. Kuma a wannan jarrabawar na riga na kayar da mutum tara. Cikinsu har da wani yaro ɗan garin Kongolam da ya buga komai daidai bai adana ba, wuta ta ɗauke, ya zo yana roƙo na ce masa adanawar ma tana cikin tambaya. Ba zan ɓoye muku ba, akwai girman kai a ciki. Ina son sunan nan nawa na wadda ba a sayen ta, ba a roƙon ta, kuma na ji tsoron ranar da wani zai ce ai ita ma tana yi in nata ne. Na goge abin da na buga, na kashe na'urar, na rubuta sifili a gaban lambarta.

Sakamako ya fito aka liƙa a allo. Inna ta yi sati guda ba ta ci tuwona ba, sai dai ta aika a sayo mata fura. A Dutsi aka ce na yi wa malamata rashin kunya, aka ce boko ya hau min kai, wata gwaggona ta aiko min da cewa kada in zo bikin 'yarta in ɓata musu taro. Ƙarshen shekara aka sauke Malama Hajara. Da aka duba malaman makarantar, mutum ɗaya ce ke da sabuwar takarda a hannu, wato Talatu, wadda ta ci kwas ɗina da maki mafi yawa a ɓangaren mata. Ita aka ba kujerar. Ta zo har gidan nan tana kuka, ta ƙi zama a kujera ta zauna a ƙasa.

"Hajiya, wallahi taimako na yi niyya. Yanzu kowa gani yake da gangan na yi."

Na ce mata na sani, kuma ba ita aka ba ajin ba, ni aka ba.

Wata biyar na ɗauka ban je Dutsi ba. Kullum in ce sai an kwana biyu abin ya lafa. Daga baya na gane wannan ma irin kwanar da nake yi ce a kwamfuta ta goma sha shida, sai na shirya ranar wata Laraba na hau mota. Ban je gidan Malama ba, makarantar na nufa, don na san a gida za a taru a kanmu. Na iske ta a aji ɗaya, yara sun fi saba'in a ƙasa kan tabarmi, tana rubuta baƙaƙe a allo. Ta gan ni a bakin ƙofa, ba ta nuna mamaki ba.

"Jira ni in nemi izini wajen shugaba," ta ce.

Ina kallo ta ratsa fili ta je ƙofar ofishin da ta zauna a ciki shekara da shekaru, ta tsaya daga waje ta yi sallama. Talatu ta fito da sauri har ɗankwalinta na zamewa, tana rantsuwa ba sai an tambaye ta ba. Malama ta jira sai da ta ji an ce to, sannan ta dawo. Muka zauna a benci ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na durƙusa zan gaishe ta ta ce in zauna.

Na shirya magana tun daga Daura, a kan doka, da mutum taran nan, da yadda na roƙi shugaban sashe. Na fara, ta bar ni na yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Sifilin daidai ne. Da kin ba ni goman nan da na raina ki, kuma da na karɓa, don ina son kujerata. Gara da ba ki ba ni ba. Ba shi ne ya dame ni ba."

Ta juyo ta dube ni.

"Sau nawa kika zo wurina a ajin nan?"

"Kullum ina zuwa, Malama."

"Gaisuwa kike zuwa. Na ce sau nawa kika zo."

Ta ci gaba da maganarta.

"Ni ba zan iya ce wa Talatu ta matsa ba, yarinya tana yi min biyayya in kunyata ta a gaban mutane. Ba zan iya kiran ki ba, a ce tsohuwa ta zo tana juya malamar aji. Ke kaɗai ce a ɗakin nan kike da ikon ki ce Hajara, sa hannunki. Kullum in kika taho ina jin takunki, in ce yau za ta tsaya. Har cire hannu nake daga mayafi in shirya. Sai in ji kin juya." Ta kakkaɓe alli daga zaninta. "Kowa a ajin nan kin ce masa ya goge ya sake. Ni kaɗai kika ga ban kai a gyara min ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki, don ban taɓa kawo wa raina haka ta ɗauki abin ba. Na ce mata girmamawa ce ta sa. Ta ce ta sani. Na ce to ta ba ni dama yanzu, zan riƙa zuwa duk Asabar da ƙaramar kwamfutata har gida, mu biyu kawai, in ya so baɗi ta sake zama jarrabawar.

Ta dubi ƙofar ofis, inda Talatu ke tsaye har yanzu ta rasa ko ta shiga ko ta fito, sannan ta dubi ajinta, yara sun fara leƙowa ta taga.

"In na ci baɗi, wa za a sauke a ba ni? Ita?" Ta dafa gwiwa ta miƙe. "An riga an ba da kujerar, Rakiya. A lokacin nake buƙatar malama."

Ta koma aji. Ina zaune a bencin na ji ta ce a yi shiru, aka yi shiru. A ajin nan ta ƙarasa shekarunta na aiki, kuma ba ta sake taka ƙofar kwalejinmu ba.